Sussuka a Kan Kwalta

"Na faɗa miki, ba ni ba titi ɗiya sau biyu."

Malam Gide bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ba. 'Yarsa Zulaihatu tana durƙushe a gabansa tun hantsi, gwiwoyinta har sun yi tsami.

"Baba, ai ya ce zai aje tuƙin."

"Duk haka suke cewa. Sha'ibu ma cewa ya yi shekara guda za shi yi, shi aje. To mi aka kawo miki?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

"Ke nake tambaya. Mi aka kawo miki?"

"Hula, Baba."

"Hula. Da takalmi ƙafa guda."

Allah sarki. Sha'ibu shi ne mijinta na fari, direban roka, babbar motar ɗaukar kaya. Shekara uku ke nan, a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, motarsa ta yi karo da tanka can bayan Tegina. Mutanen wurin suka yi masa sutura a bakin hanya kafin la'asar, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi. Bayan kwana huɗu wani direba ya yi sallama a ƙofar gida, ya miƙo hula da takalmi. Har yau Zulaihatu ba ta san inda kabarinsa yake ba.

Tun daga ranar ba ta sake taka kwalta ba. In za ta tsallaka zuwa gona, sai ta duƙa ta bi ta cikin kwalbati, yara na yi mata dariya.

"Ke bazawara ce," in ji Malam Gide. "Ba ni da ikon yi miki dole, kuma ba ni yi. Nata'ala na nan yana nemanki da aure, in kin so. In ba ki so, zamna ɗakin uwarki har ki yi furfura, ina da dawar ciyar da ke. Amma Lawwali, muddin yana riƙe da makullin mota, kada shi taka mini zaure. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi jiri na ɗibarta. Amma kalma ɗaya ta maƙale mata a kunne, ta tafi da ita ɗaki: muddin yana riƙe da makulli.

Shi kuwa titin bai ma san ana fushi da shi ba. Da, lokacin da hanyar take ta burji, mota guda ke wucewa ta ƙauyensu Marken Dutse ranar kasuwar 'Yankara, tsofaffi su kwana uku suna labarinta. Yanzu da aka malala kwalta daga Funtuwa har Gusau, aka haɗa ta da wadda ta gangara Ikko, wa zai iya ƙirgawa? Roka, tanka, tirela, kiya-kiya shaƙe da 'yan kasuwa, ga ma'aikatan da ƙarin albashin Udoji ya faɗo wa, kowa da sabuwar Fijo ko Basfa. Mutumin da ubansa bai taɓa wuce Faskari ba, sai ka ji yana cewa jibi za shi Badun ya dawo. Gidajen ƙauyen ma ɗaya bayan ɗaya suka juyo da ƙofofinsu suna kallon titi.

Malam Gide kaɗai ya ƙi juya tasa. Bai taɓa shiga mota ba, ya kuma ce ba ya shiga, jakinsa ya ishe shi. Amma fa matarsa Inna Hajaratu ta kafa rumfar tuwo a bakin titin, kuma ƙashin miyar da yake tsotsa kullum da rana daga can yake fitowa. Wannan dai ba a faɗinsa a gabansa.

A rumfar nan Lawwali ya fara ganin Zulaihatu.

Washegari da azahar roka mai koren bodi ta tsaya, an yi mata lodin fatu daga Gusau. Lawwali ya diro yana gyara hularsa. Dogo ne, baƙi, mutumin Sabuwa, mai wushirya da yawan fara'a. Yau kam da ya ga idanun Zulaihatu, fara'ar ta tsere.

Inna ta tura masa kwano ba ta dube shi ba, ta koma can wajen murhu tana ta faman hura wutar da take ci.

"Kin gaya mashi, Zulai?"

"Na gaya mashi."

"Ya ce mi?"

"Ya ce muddin kana riƙe da makulli, kada ka taka mashi zaure."

Lawwali ya dubi motar, ya dubi hannunsa.

"Kin san abin da ya sa na shiga tuƙi?" ya ce a hankali. "Mu can Sabuwa ba mu da titi. Da damina ko jaki sai shi nutse. Innata ta kwana biyu tana naƙuda, muka ɓalle ƙyauren ɗaki muka ɗora ta, mu huɗu, muna ratsa daji za mu Funtuwa. Ba mu kai rabi ba ta cika a kan kafaɗarmu. Ni ina ta gaba, ban ma sani ba, ina ta ce mata Inna yi haƙuri mun kusa."

Zulaihatu ta toshe baki da gyale.

"Ranar da na fara ganin kwalta, Zulai, zama na yi a kanta ina kuka. Baba yana ganin titi kashe mutane yake. Ni kuwa rashinsa ne ya kashe mini uwa."

"Ni kuma shi ya kashe mini miji!" ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Kai ba ka san yadda nake ba. Duk motar da ta wuce sai hantata ta kaɗa. In direba ya tsaya nan ya sa hannu aljihu, sai in ga kamar hularka zai fiddo. Ba ni barci, ba ni cin abinci. Ina sonka, wallahi ina sonka, amma tsoro zai kashe ni kafin a ɗaura."

"Daina kuka."

"Ba ni dainawa!"

"To ji. Na aje."

Ta ɗago tana kallonsa.

"Na aje, na ce miki. Wanga lodi in kai shi Ikko, in ɗauko siminti in sauke Gusau, in miƙa wa mai motar, Alhaji Rabo, makullinsa. Kwana tara. Ranar kasuwar 'Yankara ta sama zan wuce nan. Daga nan Baba shi ba ni fartanya, ko gonar duwatsu ce ina nomawa."

Mace ta ji wannan ai sai murna. Ita kuwa sai ta girgiza kai.

"Kada ka tahi. Na ƙarshen nan shi ke ba ni tsoro. Marigayi ma cewa ya yi saura tahiya biyu."

"An riga an yi lodi, na kuma yi wa Alhaji alkawari. In na karya nashi, da wane baki zan yi wa Baba wani?"

Ya tashi bai taɓa tuwon ba. Da ya kama ƙofar mota sai ya juyo ya ƙaƙalo murmushi.

"Ki saurari odata daga kwana. Gajere uku, dogo ɗaya. In kin ji, ki sa Inna ta ƙara man shanu."

Ta tsaya bayan rumfa tana kallon koren bodin nan yana hawa tudu, har ya shige bayan dutse. Inna ta matso tana goge hannu.

"Ɗiyata, ni na haife ki, ba ni son in sake ganinki cikin takaba. Nata'ala mi ya yi miki? Gonarsa ba ta gudu, shanunsa ba su da taya."

"Bai yi mini komai ba, Inna. Ba ni sonsa ne kawai."

Kwana tara ɗin nan, kada Allah ya maimaita. Zulaihatu ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ran kwana na biyar wani direban tanka ya zauna cin tuwo yana ba da labarin wata roka da ta kife a gadar Jaba, ta saki tulun ruwa ya tarwatse. Sai da ya rantse mata cewa jan bodi ce.

Ranar kasuwa ta zo. A ranar ne kuma Nata'ala ya ga dama ya nuna bajinta.

Nata'ala manomi ne daga Ƙetare, ta ƙasar Ƙanƙara, ɗan aminin Malam Gide. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Matsalarsa guda: duk abin da ya gani sau ɗaya, ya zama malaminsa. Tun da sassafe ya iso da amalanken shanu da abokansa uku, wai ya zo taya surukinsa na gobe aikin dawa.

"Baba, bana mata ba su wahala da sussuka," in ji shi. "Na ga yadda ake yi a hanyar Malumfashi. Zangarniya ake shimfiɗawa kan kwalta, mota ta bi ta kai. Kafin azahar ka ga tsaba zalla, sai shiƙa."

Malam Gide ya shafa gemu. "Kana nufin motocin nan su yi mini sussuka a banza?"

"A banza, Baba."

"Ashe titin ma yana da rana!" Ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ya yi ba. "Sun ci mini suruki, yau sai su yi mini ƙodago."

Aka kwance dammunan kaura aka baza su a kan kwalta, a gindin gangara, daidai inda amalanke ya fi sauƙin tsayawa.

To ga yadda wurin yake. In ka fito daga Funtuwa, titin yakan hau tudu, ya yi kwana a bayan wani ƙaton dutse, sannan ya zubo gangara kai tsaye gaban ƙauyen. Wanda ke cikin kwanar ba ya ganin abin da ke ƙasa sai ya riga ya shiga gangarar. A gefen dama kuwa kwari ne mai zurfi, inda kwalbati ke zubar da ruwan damina.

Motocin farko ƙanana ne. Wata Fijo ta fito, ta kauce wa dawar ta bi ɗaya hannun. Wata kiya-kiya ma ta kauce, direban yana zagi ta taga.

"Ka ga 'yan baƙin ciki!" in ji Malam Gide. "Ba su son su taka."

"Bari in yi maganinsu, Baba."

Nata'ala da abokansa suka mirgino duwatsu, suka jawo wani kututturen ɗorawa, suka jera a ɗaya hannun. Yanzu duk wanda ya zo dole ya bi ta kan dawa. Malam Gide ya ɗauki sanda mai baki biyu ya shiga tsakiyar titi yana juya zangarniya, yana 'yar waƙarsa.

Zulaihatu tana cikin gida tana tuƙa tuwon rana, kunnenta na kan kwana. Da ta fito da tukunya a ka ta hango abin da ake yi, sai ta tsaya cak.

Ta zauna da direba shekara biyu. Ta san abin da babu wanda ya sani a cikin mutanen nan. Marigayi ya sha gaya mata cewa mota mai lodi ba ta tsayawa inda aka ce ta tsaya, balle a gangara, kuma tsaba a ƙarƙashin taya ta fi laka santsi.

Ta dire tukunyar ta ruga bakin titi, ta tsaya iyakar inda ƙasa ta ƙare.

"Baba! Baba, fito! Don Allah ku kwashe duwatsun nan!"

"Ke kuma lafiya?"

"Babbar mota na tahe. Siminti ne a kanta, ba ta iya tsayawa!"

Malam Gide ya dogara da sanda yana kallonta. "Au. Yau ce ranar da direbanki zai wuce ko? Shi ne ba ki son shi sussuke mini dawa?"

Abokan Nata'ala suka kwashe da dariya.

"Baba, ba wasa nake ba. Daga kwana ba ya ganinku. In ya shigo gangara, ko ya taka birki jan shi za ta yi."

"Ba ya da ido ne? In ya ga mutum ai sai shi tsaya. Jaki ma da ba ya da hankali, in ka ɗaga mashi hannu tsayawa yake."

"Mota ba jaki ba ce, Baba!"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ta.

"Ni kike koya wa magana gaban baƙi?" Idonsa ya yi ja. "Koma gida."

Ta juya ga Nata'ala, ta durƙusa a ƙasa. "Don girman Allah ka janye kututturen nan. Ka janye shi kawai, shi samu inda zai bi."

Nata'ala ya sosa ƙeya, ya saci kallon Malam Gide. Ya ga in ya janye ya kunyata tsoho, in ya bari ya ɓata wa Zulai. Sai ya zaɓi tsoho.

"Kwantar da hankalinki, Zulai. A hanyar Malumfashi kullum ana yi."

A hanyar Malumfashi inda ya gani shimfiɗaɗɗen fili ne, ana hango mota tun daga mil guda. Wannan bai zo masa a rai ba.

A lokacin ne ta ji shi. Can bayan tudu, wani gurnani mai nauyi, na injin da ke jan kaya yana hawa.

Ganye! Direbobi suna da alamarsu. In mota ta lalace ko an yi hatsari, ɗanyen ganye ake jerawa a kan titi tun daga nesa, duk direban da ya gani ya san akwai abu a gaba, ya rage gudu. Ta waiga. Kaka ce, ciyawa duk ta bushe. Itace mai kore guda ɗaya ne, wani bedi can saman gangara kusa da dutsen, kuma a tsallaken titi yake.

Kwalbati yana can ƙasa. In ta bi ta ciki, ta makara.

Ta dubi kwaltar nan baƙa wuluk tana sheƙi a rana. Shekara uku.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ta taka.

Kwaltar ta ƙona mata tafin ƙafa, takalmanta sun riga sun zube a baya. Ta ci ɗamara da gyale ta haura gangarar da gudu. Tana jin Inna na ƙwala mata kira daga rumfa, ba ta waiga ba. Ta kai gindin bedi, ta yi tsalle ta kamo reshe ta rataya da dukan nauyinta har ya ɓalle. Ta jefa shi tsakiyar titi. Ta kamo na biyu, ya yage mata tafin hannu, ta jefa. Gurnanin ya cika duniya.

Tana riƙe da na uku koren bodi ya leƙo daga bayan dutse.

Lawwali ya gan ta. Wayyo, ya gan ta tsaye a kan kwalta, ita da ba ta taka kwalta, ya ɗauka taryarsa ta fito yi. Ta hango haƙoransa ta cikin gilashi yana dariya. Ya danna oda, gajere uku, dogo ɗaya.

"Tsaya! Tsaya!" Tana kaɗa reshen da hannu biyu, tana nuna ƙasa. "Baba! Baba na kan titi!"

Sai idonsa ya sauka kan ganyen. Dariyar ta ɓace. Ta ji ya buga giya, injin ya yi wata irin ƙara kamar za ya tsage, birki ya ɗauki kuka. Motar ta wuce ta, iskarta ta watsar da ita gefen titi, warin taya ya turnuƙe wurin.

Ta miƙe a kan gwiwa tana kallo. Gudun ya ragu, amma bai ragu yadda zai isa ba. Simintin nan yana tura motar ƙasa. Nata'ala da abokansa suka watse kowa ya kama gabansa. Hannun hagu duwatsu da kututture. Hannun dama dawa, Malam Gide kuma yana tsakiyarta.

Tsohon bai gudu ba. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, yadda yake yi wa jakinsa.

Tayoyin gaba suka hau tsaba, motar ta fara sulɓi. Tsakaninta da Malam Gide bai fi tsawon igiya biyu ba. Zulaihatu ta ga Lawwali ya kwanta a kan sitiyari ya murɗe shi dama gaba ɗaya.

Koren bodin ya bar titi. Ya karkata a hankali, kamar yana shawara, sannan ya tafi cikin kwari.

Ƙarar da aka ji, mutanen kasuwar 'Yankara sun ce har can ta kai. Farar ƙurar siminti ta tashi ta rufe komai. Da ta lafa, sai ga Malam Gide tsaye inda yake, hannunsa har yanzu a sama, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Zulaihatu ba ta san yadda ta gangaro ba. Ta tarar maza sun dira kwarin suna ta fama da ƙofar mota da gatari. Nata'ala ne ya ɓalle ta, yana kuka wiwi yana cewa shi ya ja. Suka ciro Lawwali fari fat da siminti, jini na bin gefen fuskarsa, ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Suka shimfiɗe shi a bakin titi a kan ragowar zangarniya.

"Yana numfashi? Ku gaya mini, yana numfashi?"

Malam Gide ya tako a hankali, ya durƙusa kusa da kansa.

"Yaro... ɗana... kana jina?"

Idon Lawwali ya buɗe kaɗan. Ya motsa hannun dama da ƙyar, ya ɗago shi wajen tsohon, ya buɗe yatsu. Makullin mota ne.

"Baba... na aje."

Malam Gide ya fashe da kuka a gaban jama'a, tsoho mai furfura. Ya kama yatsun nan ya mayar da su ya rufe a kan makullin.

"Riƙe abinka. Ni ne ban san mota ba, kai ka san ta. Riƙe abinka, ka ji?"

Idon ya sake rufewa.

Wata Fijo da ta fito daga Gusau ta tsaya, wani ma'aikaci ya leƙo. Ya ce a sa shi a baya, asibitin Funtuwa za a nufa yanzu-yanzu, amma mutum ɗaya kaɗai zai samu wuri, wanda zai riƙe masa kai.

"Ni ne," in ji Malam Gide.

"Malam, kai da ba ka shiga mota?" in ji Inna.

Bai ko dube ta ba. Ya tsaya gaban ƙofar yana lalube, bai san inda ake kamawa ba, sai da mai motar ya buɗe masa. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya shiga. Aka ɗora masa kan Lawwali a cinya.

Sai ga Nata'ala ya hauro daga kwari, yana kaɗe wani abu a gwiwarsa. Ya nufo Zulaihatu da ladabi, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Ga wannan, Zulai. A cikin mota na tsinta."

Hula ce.

Ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta a bayanta, ta ƙwalla wata ƙara da ta sa kowa ya juyo.

"Kada ka ba ni! Wallahi kada ka ba ni! Ba ni karɓa! Inna, ce mashi ba ni karɓa!"

Nata'ala ya yi sororo, bai san abin da ya yi ba. Malam Gide kuwa ya sani. Ya miƙo hannu ta taga.

"Kawo nan."

Ya karɓi hular ya busa mata iska, ya ɗaga kan Lawwali a hankali ya sa masa ita, ya daidaita ta yadda yake karkata ta. Sannan ya dubi 'yarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Ba a sake kawo miki hula, ɗiyata. In Allah ya tashe shi, da ita a kansa zan kawo miki shi, da makulli ko ba makulli. Yi mana addu'a."

Aka janye kututture, Fijo ta haura gangara. Ta bi ta kan rassan bedin nan biyu, ta yi kwana, dutse ya rufe ta. Ko a lokacin ba wanda ya iya cewa ya ga ƙirjin Lawwali yana motsi.

Maza suka shiga kwashe dawa da sauri, ba mai kallon wani. Inna ta zo ta kama ta.

"Sauko daga titi, Zulai. Ƙafarki duk ta ƙone. Zo mu tahi gida."

"Ta nan za su ɓullo, Inna."

"Ai ba yau ba, ɗiyata."

Zulaihatu ta zare hannunta. Ta koma gefen kwalta daidai inda ake hango bakin kwana, ta zauna a kanta, ta naɗe ƙafafu. Wata tanka ta wuce, wata tirela ta wuce, duk wadda ta leƙo daga bayan dutse sai ta ƙura mata ido. Aka kira la'asar, ba ta tashi ba.